Ɗiyar Mai Bin Sawu

Duk farkon shekarar karatu akwai mako biyu da muryata ke dushewa. Ni aka ɗora wa zama da sababbin ɗaliban sashenmu a Damagaram, sashen da ake koyon injiniyancin tsaron na'urori da intanet. Aikina in zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, in shimfiɗa musu takardar darussan shekara uku, in nuna musu wanda ake farawa da shi da wanda ba a taɓawa sai an ci na gabansa. Su zaɓi ɗan abin da aka bar musu zaɓi, su sa hannu, in sa nawa. Wanda bai sa hannu ba har aka rufe rajista, gurbinsa ya tafi ga wani.

Da yara suna jin magana, da aikin ba shi da wuya. Amma kusan duk wanda ya turo ƙofar ofishina da buri ɗaya yake shigowa, a koya masa yadda ake kutsawa cikin wayar mutane. In na nuna masa cewa shekarar farko lissafi ne, da rubuta shirin kwamfuta, da sanin hanyar da saƙo ke bi daga na'ura zuwa na'ura, wato abin da muke kira rezo, sai ka ga fuska ta yamutse kamar an ba shi maɗaci. Ni kuwa Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba. Uwata takan ce ranar da aka raba haƙuri a Tanout ni na tafi ɗibar ruwa.

Da yake 'yar Tanout ce ni, duk ɗalibin da ya fito daga yankinmu na Damargu abokan aikina wurina suke turo shi, suna dariya suna cewa ga 'yan garinku. Haka aka turo mini wata yarinya doguwa siririya daga wani zango arewa da Belbeji. Ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare da sakamako mai kyau, musamman a lissafi. Ita kaɗai ce a shekarar ta shigo ta riga ta karanta takardar darussan, har ta bi ta da fensir. Na ji daɗi, na ce yau na samu mai sauƙi. Ashe ita ce mai wuyar.

Ta ɗora yatsa a kan darasin gwajin kutse, wanda ake yi a shekara ta uku, ta ce shi take so ta ɗauka yanzu, a cire mata na rezo.

"Madam, wannan na san shi. Ni ke gyara wa mutane salula a kasuwarmu tun ina koleji."

Na ce gyaran salula daban, sanin hanyar saƙo daban. Ta ce in gwada ta. Na ce ni ba gwaji aka sa ni ba, tsari ne, kuma ba a fara gini daga rufi. Ta ce to wa ya yi tsarin? Nan raina ya ɓaci. Na faɗa mata cewa waɗanda suka yi shi sun fi ta sanin abin da suke yi, in tana so ta sa hannu, in ba ta so ga ƙofa nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar, ta ce za ta je gida kwana biyu ta dawo ta sa hannu. Na tuna mata ranar da za a rufe rajista, ta ce ta ji.

Kwana biyu suka wuce, mako ya cika, babu ita. Abin ya tsaya mini a rai, don na ɗauka bakina ne ya kore ta, kuma ba ita ce ta farko da bakina ya taɓa ba. Saura kwana huɗu a rufe na nemo lambarta a cikin takardunta na kira. Sai da na kira sau uku kafin ta samu inda rezo ke kamawa.

"Baba ya ce in zamna," in ji ta.

Abin da ya faru shi ne, wani direban kasuwa mai ɗan jin Faransanci ya ga takardar a hannunta, idonsa ya faɗa kan kalma ɗaya, ya je ya taya uban murna cewa ɗiyarsa sekirite za ta karanta. A wajenmu kuwa in aka ce sekirite abu biyu ake nufi: ko mai gadi da kulki a bakin ƙofar wani, ko masu kaki da bindiga. Tsohon ya ce bai haifi ɗiya don ta rataya bindiga ba, kuma bai sa ta lakwal, karatun boko, shekara goma sha uku don ta yi gadin ƙofa ba. Ta yi masa bayani, ya ce yaro in yana son abu kowane suna sai ya raɗa masa.

Ba zan ɓoye ba, na fara jin sanyi da na gane ba laifina ba ne. Daga baya haushi ya biyo. Yarinya irin wannan ta rasa gurbinta saboda kalma ɗaya da wani direba ya karanta rabi? Kuma na san garinmu. Wadda ta zauna shekara ɗaya da niyyar za ta koma, da wuya ta koma. Na nemi izinin kwana uku, na hau mota zuwa Tanout.

Na kwana a gidan uwata. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni.

"Ke za ki je ki lallashi tsoho? Ke da ko kaza ba ki iya lallashi ta shiga akurki ba?"

Ta ce in gaishe shi har sai ya gaji, kuma kada in buɗe bakina a kan abin da ya kai ni sai an sha kofin shayi na uku. Na ce na ji. Washegari ranar kasuwar Belbeji ce, na samu buɗaɗɗiyar mota cike da buhunan hatsi da awaki biyu da ba su daina kuka ba har muka isa. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, ciyawa ta fara ja. Duk tsawon hanyar ina maimaita jawabina a zuci, kuma da Faransanci nake maimaita shi, ban lura ba.

Yarinyar ta tarye ni a tasha ta kai ni wata rumfa a gefen kasuwar dabbobi. Uban ɗan ƙaramin tsoho ne mai shuɗin rawani, zaune a kan tabarma tare da wasu dattijai uku, ana dafa shayi. Na tsuguna na gaishe shi, na tambayi gajiya, da iyali, da dabbobi, da yadda damina ta yi musu. Ya amsa da mutunci, amma ƙafafuna yake kallo fiye da fuskata, na ɗauka raini ne. Aka miƙo mini kofin farko na sha. Na biyu bai ma sauka daga kan gawayi ba na zaro takarda.

Na ce, "Baba, karatun nan ba na soja ba ne, ba na gadi ba ne. Bari in karanto maka darussan ɗaya bayan ɗaya, ka ji da kunnenka."

Ya ce bismilla.

A nan na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Shekaru ina koyar da wannan ilimi, ban taɓa faɗarsa da Hausa ba. Da Faransanci na koya, da shi nake koyarwa, da shi nake faɗa da ɗalibai. Sai na kama juya sunayen darussan kalma da kalma. Lissafi ya wuce lafiya. Na zo kan na gaba na ce wannan darasin katangar wuta ne.

"Wuta," in ji shi.

Na ce ba wuta ta gaske ba, suna ne kawai. Na yi sauri na wuce, na ce wannan kuma kai hari da kare kai.

"Hari."

Gumi ya fara keto mini. Don in gyara, sai na ce ai maƙiyan ba a ganin su, wani lokaci ma a cikin wani abu suke ɓuya su shigo, mu a karatunmu doki muke kiransa. Garin gyaran gira na tsone ido. Tsohon ya ɗaga hannu yana ninke yatsu a hankali.

"Ga wuta, ga hari, ga maƙiya, ga doki. Malama, saura bindiga. Ko tana shafi na biyu?"

Dattijan nan suka yi dariya har mai dafa shayi ya zubar da kumfa. Ni kuwa jinina ya hau. Na yi tafiyar kwana biyu, na sha ƙurar hanya da kukan awaki, a mayar da ni abin dariya a gaban ɗalibata? Kafin in kama bakina na ji na ce, "Baba, abin da mutum bai sani ba, ba ya yanke hukunci a kansa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Magana zarar bunu ce, ta fita ba ta komawa, kuma na san a wannan lokacin da bakina na ƙarasa rufe mata ƙofar da direba ya fara turawa. Tsohon ya miƙa kofinsa aka zuba masa na biyu.

Muna cikin haka wani mutum ya iso da sauri yana haki. Ya ce taguwarsa, raƙumar da ya ɗaure bayan rumfunan hatsi ba ta nan, ya duba ko'ina. Tsohon ya ajiye kofi, ya miƙe, ya bi shi, ko kallona bai yi ba. Na juya ga yarinyar na ce haka ake yi, a tashi a bar baƙo da magana a baki?

"Aikinshi ke nan, Madam. Mai bin sawu ne. Don haka yake zama nan ran kasuwa."

Na ce ai a takardarki makiyayi kika rubuta. Ta ce layin da aka bari gajere ne, kuma ba wanda ya tambaye ta. Tun ina yarinya nake jin labarin masu bin sawu, waɗanda ake kira in an saci raƙumi ko sa, amma ban taɓa ganin ɗaya yana aiki ba. Motar komawa sai bayan la'asar, kuma ba ni da fuskar zama da dattijan da na yi wa abokinsu rashin kunya. Muka bi bayansu daga nesa.

Wurin da aka ɗaure taguwar rairayi ne da ƙafa ɗari ta tattake tun safe, mutane da jakuna da raƙuma da tayar babur. Ni ban ga komai ba sai ƙasa. Tsohon ya sa kowa ya ja baya, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Ya matsa taku uku ya sake tsugunawa. Sannan ya fara magana a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce ga sawunta, ƙafar baya ta dama tana ɗan karkata waje. Mai taguwar ya ce haka ne. Ya ce wanda ya kwance ta ba baƙonta ba ne, don ta miƙe ba turjiya, ba ta yi ko taku ɗaya baya ba. Ya ce takalmin da ke ƙafarsa ya fi shi girma, dugadugin yana jan ƙasa, aro ya yi don kada a gane shi. Can gaba kaɗan sawun ya ɓace gaba ɗaya, ƙasa ta yi sumul. Mai taguwar ya dafe kai ya ce shi ke nan, ya share.

"Ya ja reshe a bayanshi," in ji tsohon. "Wanda ya share sawu ya bar sawun shara. Duba inda ƙasa ta fi ko'ina kyau, nan ya bi."

Wannan jimlar, kusan kalma da kalma, ita nake faɗa wa 'yan shekara ta uku duk shekara. Kowace na'ura tana rubuta wanda ya shige ta da lokacin da ya shiga. Mai kutse in yana da wayo yakan goge wannan rubutu, kuma gurbin da ya goge shi ne abu na farko da nake koya musu su nema. Na yi shekaru ina jin kaina da wannan ilimi, ga shi a bakin tsohon da na ce bai sani ba.

Ya bi sharar har inda ta ƙare, sawun ya sake fitowa ya nufi hanyar Tenhya. Ya ce bakin sawun bai rushe ba, ba a yi awa ɗaya ba, a tura mutum biyu a babur, kuma mai taguwa ya fara tunanin wanda ke shayar da ita a gida. Aka tafi. Shi kuma ya karkaɗe hannu ya juyo.

Ban jira ya koma rumfa ba. Na tare shi a nan cikin rana, na durƙusa, na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini." Wannan kalma tana yi mini nauyi a baki, amma ran nan ta fita da sauƙi.

"Ba komi, ɗiyata. Zafin rana ne, kuma ba ki ci komi ba sai cukun da kika saya a bakin tasha."

Na dube shi. Ya nuna ƙafata da haɓa, ya ce jar ƙasar nan a wajen masu cuku kaɗai take.

Muka koma rumfa. Wannan karon na bar takarda a jaka. Na tambaye shi ko ya taɓa jin an shiga wayar mutum ana aika saƙo da sunansa. Ya ce a kasuwar nan ma an yi wa wani dillali, aka dinga aika wa danginsa maganganun da bai faɗa ba, saura kaɗan zumunci ya watse. Wasu suka ce aljani ne. Na ce mutum ne kamar kowa, yana zaune a wani gari da na'ura a gabansa.

"Yana barin sawu?"

"Yana bari, Baba. Duk inda ya ratsa ana rubutawa."

"In ya share fa?"

"Sai a nemi inda ya fi ko'ina kyau."

Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar. Ba ya karanta boko, amma ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce in sake bi da shi daga farko, in bar sunayen, in faɗa masa abin da ake yi a ciki. Na ce darasin rezo shi ne sanin hanyoyin da saƙo ke bi da inda yake yada zango. Ya ce dole, wanda bai san hanya da rijiyoyi ba, ba ya bin kowa. Na ce katangar wutar nan tana tare baƙo ne ta bar na gida su wuce. Ya ce wannan ai shingen ƙaya ne, wa ya kawo wuta a ciki? Na ce kai hari kuwa, ɗalibi ne ke gwada fasa shingen da izinin mai shi, don a ga inda ya yi rauni. Ya ce shi ma in zai bi ɓarawo sai ya tambayi kansa, da ni ne, ta ina zan bi? Dattijan da suka yi mini dariya ɗazu suka matso suna sa baki. Ban taɓa jin daɗin bayanin takardar nan ba irin na ran nan.

Yarinyar ta ga ƙofa ta buɗe, sai ta so ta shige da kayanta duka. Ta ce, "Baba, to ka ji, wannan na bin ɓarawon shi nake so in fara, Madam ta hana ni. Ta ce sai shekara ta uku."

Na bar wa uban amsa, don na riga na yi magana fiye da rabona a wannan rumfa. Tsohon ya juya gare ta.

"Shekara uku ubana bai bar ni na bi ɓarawo ba. Awakinmu nake bi zuwa rijiya, in dawo in faɗa mishi wacce ta yi ɗingishi, wacce ke da ciki, daga sawu kawai. Wanda bai san sawun nashi ba, ina zai gane na baƙo? Abin da malamarki ta ce shi za ki yi."

Na ji kaina ya kumbura. Na gyara zama, har na kalli yarinyar ta gefen ido. Bai bar ni na daɗe a haka ba.

"Amma ke ma, Malama, kin yi sake. Ubana duk sadda aka kira shi yakan tafi da ni. In tsaya a baya, ban da magana, ban da taɓa ƙasa, in ga yadda ake kama mutum. Da bai yi haka ba, da na gudu tun watan farko, don bin awaki akwai gundura. Kin hana ta. Kin nuna mata?"

Na ce ban nuna mata ba. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Shekaru ina cewa yara su yi haƙuri da lissafi da rezo, ban taɓa kai ɗaya ya leƙa abin da haƙurin zai kai shi gare shi ba, sannan in zauna ina mamakin yadda suke ɓata fuska.

A kan gwiwata na gyara takardar. Darussan shekarar farko na bar su yadda suke, ban cire ko ɗaya ba. A ƙasa na ƙara layi da hannuna: sau ɗaya a mako za ta zauna a bayan ɗakin gwajin 'yan shekara ta uku, ba maki, ba taɓa na'ura, kallo kawai. Na karanta masa. Ya tambaya bayan wa za ta tsaya, don ba a tura yaro kallo ba tare da an ce ga wanda zai kalla ba. Na ce akwai wata ɗaliba mai natsuwa a ajin, zan haɗa su. Ya gyaɗa kai. Kafin la'asar masu babur suka dawo da taguwar, da wani ɗan ƙanin mai ita yana tafe yana kallon ƙasa. Tsohon ko tashi bai yi ba. Ya dubi rana ya ce da ɗiyarsa ta je ta ɗauko jakarta kada mota ta bar mu.

Ta sa hannu ana saura kwana ɗaya a rufe. Shugaban sashenmu da ya ga layin da na ƙara ya ce babu wannan a ƙa'ida. Na ce babu kuma inda ƙa'ida ta hana. Muka yi ta ja har ya gaji ya ce in yi, amma in wani abu ya lalace ni zan amsa. Babu abin da ya lalace. Shekarar da ta biyo na sa layin a takardar kowane sabon ɗalibi, kuma har yau yana nan. Na kuma daina karanta musu sunayen darussa. Abin da ake yi a ciki nake faɗa, da Faransanci, in na ga ido ya yi nisa in sake da Hausa.

Ba zan ce yarinyar ta zama mai sauƙi ba. Ta faɗi jarrabawar farko ta rubuta shiri, ita da ta ce ta san komai, ta zo ofishina tana huci ta ce malamin ne bai iya tambaya ba. Na ce ta je ta sake, ta sake ta ci. A shekara ta biyu ta so ta ɗauki darussan zaɓi uku a zangon karatu ɗaya, na ce biyu, muka yi mako ba ta gaishe ni da kyau ba. Amma ba ta taɓa fashin zaman bayan ɗakin gwajin nan ba, kuma da ta kai shekara ta uku ita da kanta ta zo ta ce in ba ta sabuwar ɗalibar da za ta tsaya a bayanta.

Aikinta na kammalawa a kan wani kutse ne da aka yi wa kwamfutocin wurin da ta yi koyon aiki, ita ta bi shi har ta gano ta inda aka shigo. Ranar da za ta kare aikin a gaban malamai, uban ya zo Damagaram. Ya zauna a layin gaba da rawaninsa, awa guda ana zuba Faransanci, bai motsa ba. Aka ba ta sakamako mafi kyau a ajinsu. Muka fito tsakar makaranta, ƙawaye suna rungume ta, ana ɗaukar hoto. Shi bai ce mata barka ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya kira ta gindin wata bishiya.

"Ta ina ya shigo?"

Ta tattare rigar bikinta ta tsuguna, ta zana masa da yatsa a ƙasa, ga na'urar farko, ga ta biyu, ga inda ya ratsa.

"Ya share?"

"Ya share, Baba. Nan, tsakanin wannan da wannan."

"Kin duba na gida?"

"Su na fara dubawa."

Ya tsuguna kusa da ita yana kallon zanen. Can ya ɗago ya gan ni tsaye da takardunta a hannu.

"Malama, 'ya'yana maza uku. Ɗaya na tuƙi, biyu na kasuwa, babu wanda ya taɓa tsugunawa ya dubi ƙasa. Na riga na haƙura, na ce da ni za a rufe abin nan."

Hawaye suka zubo mini a gaban ɗalibaina, kuma ban damu ba. Shi ya riga ya mayar da kansa ƙasa, ya ɗora yatsa a ƙarshen layin da ta zana.

"Ci gaba," in ji shi. "Daga nan ina ya nufa?"